Eleuterio da kogin da ya yi ƙaura

Ana ta yaɗawa cewa Eleuterio ne ya sayar da koginmu ga mutanen Las Garzas, wai musaya suka yi da jaki mai ido ɗaya. Ƙarya ce. Jakin idonsa biyu, kuma gadonsa ya yi. Kogi da ƙafarsa ya tafi: shekarar babbar ambaliya ya karya kwana ta bayan gonakin ayaba, ya koma ƙofar maƙwabta, ya bar mana yashi da sunan tashar jirgi.

Kakannin Eleuterio ne suka kafa garinmu Puerto Anselmo, domin jiragen ruwa su tsaya ɗibar itacen wuta. Titi ɗaya ne, coci a kansa, maƙabarta a ƙarshensa, kuma maƙabartar ta fi cika. Samari sun bi kogi. Yau in mutum ya yi atishawa a bakin gari, na ƙarshen gari ne ke masa sannu.

Eleuterio ɗan fito ne, haka ubansa. Tunda ruwa ya tafi bai zauna ba. Kofi a tsaye yake sha, rogo a tafe yake ci. Ya liƙe kwalekwale da kwalta, ya kankare, ya sake liƙewa. Ya je bakin yashi ya leƙa, ya dawo, ya koma, kamar wanda aka ce masa kogin na hanya.

Sai Fada, limamin coci, wanda kan zo mana jefi-jefi a babur, ya kawo magana. Al'adar garin, ranar bikin Uwargida Maryamu a kwalekwale ake zagayawa da mutum-mutuminta. Ba ruwa, ba zagaye. Ya ce bana Las Garzas za a kai ta, kuma kowa ya san in ta je can ba ta dawowa.

"Fada, kwalekwale aka ce ko ruwa aka ce?" in ji Eleuterio.

"Kwalekwale."

"To akwai shi."

Gida-gida ya bi yana neman kafaɗu. Ya samo mai kanti, da tsofaffi masu ciwon gwiwa, da matan da ke gasa kifin da yanzu sai an sayo. Har taubashiyarsa Nicanora ya taso daga kan wanki.

Ranar biki aka ɗora Uwargida a kwalekwale da furanni, aka cicciɓa, aka gangara tsohuwar hanyar ruwa. Saura abu ɗaya: al'ada ta ce ba ta fita sai da matuƙi a bayanta. Eleuterio ya haye abinsa, ya tsaya ƙyam, yana tuƙa iska da filafili. Yashi na ƙuna, masu ɗauka na nishi, shi kuwa sai kashedi yake a kauce wa kututturen da ya ruɓe tun zamanin ubansa. Fada ya bi su a baya. Da suka zagayo ƙofar coci ya ce to, bana dai tana nan.

Nicanora, gumi har ƙafa, ta ɗaga kai.

"Sannu, sarkin jirgi. Mu ne ruwan ke nan? Sauko, ka fi buhun masara nauyi, ga ƙafarka a kan kunnena."

Ko kallonta bai yi ba.

"Kogi ya ɗauke ni tun ina tsirara, bai taɓa buɗe baki ba. Mai haƙurin ya tafi, ke aka bar mini. Ɗaga kafaɗa, kina karkatar da Uwargida."