Sifikar da Ta Sha Turare

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ba bayinSa ji da gani, Ya sanya wa kowace murya kamanninta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ga bayanin tafiyar da ta hana ni zama zaure a makon jiya, domin ɗalibai da 'yan'uwa da suka tambaya.

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na ƙasar Minjibir, ni da ɗan yayata, shi yana jan babur, ni ina rungume da wani akwatin katako naɗe cikin zane. Yayata ita ce matar marigayi Malam, wanda a gabansa na yi karatu tun daga allo har littattafai. A zamanin kaset an ɗauki karatunsa na Alƙur'ani a zauren gidansa, daga baya jikoki suka mayar da shi cikin memori. Tun da idonta ya tafi, ciwo kuma ya kwantar da ita a daminar bana, ba ta da abokin hira sai wannan karatu, ta cikin wannan akwati mai sifika ɗaya. Sai muryar ta soma lalacewa, ta koma kamar ƙudan zuma cikin gora. Jikoki suka sayo mata wata 'yar na'ura mai walƙiya da fitilu. Ta saurara kaɗan, ta juya fuska bango ta ce, "Wannan ba shi ba ne." Daga ranar cin abincinta ya ragu. Na ji tsoron wa'adi ya riske ta ba ta sake jin mijinta ba, sai aka kwatanta mini wani mai gyara a gefen Makoɗa.

Hanya lokacin kaka abin lura ce. An girbe gero an jingine dammuna, dawa na tsaye tana jiran lokacinta, mata da maza sun duƙa suna cirar gyaɗa tun rana ba ta ɗaga ba. A ƙasarmu gona na manne da gona, gida na hango gida, ba ka rabuwa da amsa sallama. Da muka hau kwalta muka ajiye babur wurin wani sananne, muka shiga motar Ɗanbatta. Kuɗin mota ya ƙaru, direba ya ɗora laifin kan mai, fasinjoji suka ɗora kan direba. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta dubi yadda na riƙe akwatin ta ce, "Malam, jariri ne ko ƙwai?" Na ce mata ya fi kusa da ƙwai.

A Ɗanbatta muka karya da kunun gyaɗa da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai, amma mai suyar ta ƙara mana gyara da ta ji daga inda muka fito. Daga nan muka hau babur zuwa Makoɗa, muka ratse ta wani burtali har wani gida mai bishiyar darbejiya a ƙofa.

Mai gyaran, Malam Sabi'u, magidanci ne manomi. Sai ya dawo daga gona yake buɗe rumfarsa. Yana haɗa akwatunan sauti da hannunsa, kuma ba ya sa sifika biyu ko uku kamar na kanti. Ɗaya tak yake sawa, wadda ke ɗaukar kauri da siririn sauti gaba ɗaya. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Allah gafarta Malam, mutum baki ɗaya gare shi. In aka raba murya gida biyu, kunne yana ganewa."

Ya kwance akwatinmu. Kafin ya fito da sifikar, ƙamshi ya cika rumfar. Ya taɓa takardarta, wato baƙin mazurarin nan da ke motsi yana fitar da sauti, sai ta lotsa kamar jiƙaƙƙen ganye, ta bar masa maiƙo a yatsa. Ya ce, "Wa ke shafa wa wannan turare?"

Ɗan yayata ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna ce. Kowace Juma'a sai ta sa an turara shi da turaren wuta, ta ɗiga masa na kwalba ta cikin ragar da ke gabansa. Ta ce bakin da Alƙur'ani ke fita ta cikinsa bai kamata ya zauna ba ƙamshi. Haka take yi wa rigunan Baba."

Malam Sabi'u ya ce takardar ta mutu, amma ƙarfen da maganaɗisun suna nan lafiya, irinsu ma ba a samu yanzu. Ya ce zai sa sabuwar takarda, amma sabuwa tana zuwa da tsawa, sai an hore ta. Ya ce, "Ni hannu gare ni, ban san mamacin ba. Kai ne za ka zama kunnena."

Haka aka yi. Ya liƙa sabuwar takarda da koyil ɗinta, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke gindinta, muka yi sallar azahar, muka ci dambu da ya fito daga cikin gida, gam na bushewa. Da aka kunna, karatun ya fito sarai, amma da kaifi, kamar wani saurayi ne ke kwaikwayon Malam. Na ce ba shi ba ne. Ya sa reza ya yanke 'yar hular da ke tsakiyar takardar, ya nannaɗe wata siririyar takarda kamar ƙaramin mazurari ya dasa a wurin. Haruffa suka fito, amma kaurin ƙirjin Malam bai zo ba. Ya dama ƙaro da ruwa tsararo, ya sa gashin kaza ya shafa wa takardar daga tsakiya zuwa rabi, ya shanya a inuwa. Ya liƙa tsumman bargo a ƙafafun ƙarfen don kada su yi amo, ya cusa auduga cikin akwatin. Da ta yi yawa muryar ta shaƙe, na gaya masa, ya rage. Muka yi ta sawa da cirewa har inuwar darbejiya ta miƙe gabas.

A wani gwajin ne na ji abin da na manta da shi. Malam yakan ja numfashi mai nauyi kafin doguwar aya, da 'yar ƙara a maƙogwaro. Na ji shi kamar ina durƙushe gabansa da allona. Na ɗaga masa hannu alamar ya tsaya haka. Malam Sabi'u ya ajiye rezarsa ya ɗaure akwatin. Sannan ya kafa wani ɗan katako mai taushi a samansa ya ce, "A gaya wa Inna, nan ne wurin turare. Katako yana sha, takarda ba ta sha."

Muka juyo ta hanyar da muka zo, muka iso gida rana ta yi ja. Na tarar da yayata kwance, kwanon furarta a rufe ba a taɓa ba. Na gaishe ta, ta ce, "Malam Ƙarami, ka wahalar da kanka." Na ce, "Yaya, saurara tukuna." Ɗanta ya kunna.

Ba ta motsa ba har aka yi nisa. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce, "Ku yi shiru. Kun ji wancan?" Muka kasa kunne. Can ƙarƙashin karatun akwai wani bugu a hankali, yana zuwa yana komawa, wanda tsohuwar takardar ta daɗe da haɗiyewa.

Ta ce, "Ni ce. Dakan furarsa nake yi a tsakar gida ranar da aka ɗauka. Ya aiko a ce in dakata, na ce in na dakata me zai sha?" Ta yi murmushi, hawaye na gangarowa ta gefen kunnenta. Can ta ce wa ɗanta, "Tashe ni zaune. Miƙo mini kwanon nan." Da ta sha, ta nemi kwalbar turarenta. Na kama hannunta na ɗora a kan ɗan katakon, ta shafa, ta ɗiga.

Abin da na karanto a wannan tafiya shi ne, girmamawa ma tana bukatar sanin inda za a ajiye ta, kuma wanda ya so abu har ya lalata shi ba tsawa ya cancanta ba, sai a gyara masa wuri. Ban san kwanakin da suka rage wa yayata ba, Allah ne Masani, amma karatun yana tashi a ɗakinta safe da yamma.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya ba yayata sauƙi, Ya saka wa mai gyara da alheri. Kai kuma mai karatu, Allah Ya albarkaci gidanka, Ya raya zuriyarka, Ya sa muryoyin da za ku bari a bayanku su zama na alheri. Amin.