Gimba da Kaskon Agwagi

Duk unguwar Fadikpe an san Gimba bakanike ba ya kishin komai a duniya sai a-kori-kurar Yona. Motar ba tasa ba ce, ko taya ɗaya bai saya a ciki ba. Amma tun tana da fenti yake kwanciya a ƙarƙashinta, har suka tsufa tare, ita tana tari, shi yana tari. In ta taho daga Maikunkele da lodin doya, daga nesa yake gane kukanta.

Sai ga shi wata damina dutse ya fasa mata kaskon giya, wato farantin ƙarfen nan na ƙasa da ke riƙe man giyar. A Chanchaga ta zubar da man, dab da garejin wani sabon bakanike wai shi Jamil. Yona ya sa aka tura ta ciki.

Da labari ya iso, Gimba ya kasa cin tuwo.

"Ana da igiya a garin nan," in ji shi. "Da ya so, da ya jawo ta."

Matarsa Magdalina ta ce, "Baban Esta, mota ce ko 'yarka?"

Kaskon tsohuwar mota irin wannan ba a sayensa da baki. Tsohon ake ɗauka a hannu, a bi shago-shago ana kifa shi a kan na Beljiyam, wato kayan gwanjon motoci na Turai. Yona ya samo wanda ramukan notinsa suka yi daidai, amma ba zurfi, ya tokare filta. Ya samo mai zurfi, wannan kuma kusurwarsa ta ƙi zama. Ya yi ta yawo da fasasshen kasko a hammata har takalminsa ya ba da labari.

Daga ƙarshe ya yi sallama a gidan Gimba.

"Oga Gimba, ko kana da irin wannan a cikin tarkacenka?"

Gimba yana da shi kuwa. Daga wata matacciyar mota ya cire shi shekarun baya, ya liƙe ramin tsiyayar mansa da walda, agwagin gidan suke shan ruwa a ciki. Amma ya juya na Yona gaba da baya, ya tsuke baki.

"Ai an daina yinsa. Yaronku na Chanchaga bai faɗa maka ba?"

Nufinsa shi ne Yona ya wahala, ya jawo motar har ƙofar gidansa, sannan a tuna da agwagi. Abin da ya manta, Magdalina tana zaune tana ɓare gyaɗa, kuma idonta bai tsufa ba. Ta ga kasko mai yankakkiyar kusurwa ɗaya, irin wanda take wankewa kullum. Ga doyarta a Maikunkele tana jiran mota, rana tana cinta.

Da safe ta zubar da ruwan, ta naɗe shi a zani, ta hau keke napep sai Chanchaga. Agwagi suka koma shan ruwa a tsohuwar roba. Gimba ya gani, ya kalli matar, ta kalle shi.

"Ka ce an daina yinsa. To me ya ɓace maka?"

Ran Lahadi motar ta tsaya a bakin coci, an wanke ta fes. Gimba bai shiga da wuri ba. Ya durƙusa da farar rigarsa, ya leƙa, ya ga waldarsa. Sai ya zaro kwali ya shimfiɗa a ƙarƙashin giyar. A ganinsa, yaro irin Jamil ba zai iya ɗaure noti bi da bi ba, dole ya matse gefe ɗaya, dole ta ɗiga. Ɗigo ɗaya ya ishe shi, motar za ta dawo gida.

Ana wa'azi, hankalinsa yana waje. Kafin a ce amin na ƙarshe ya fice, ya jawo kwalin, ya ɗaga shi a rana. Ya shafa da yatsa, ya sunsuna. Busasshe ƙayau.

Yona ya fito yana washe baki. "Oga Gimba, me kake nema?"

"Ba komai," in ji Gimba, ya ninke kwalin ya cusa a aljihu. "Sati mai zuwa ma a nan za ka ajiye ta?"