Baba Jibirilla, Mai Lallashin Tsatsa

Kowa a Douala gaba yake yi da tsatsa, ban da Baba Jibirilla. Da hantsi za ka same shi a rumfarsa ta bayan masallaci a unguwar New Bell, ya ɗora rabin ganga cike da ruwa a murhu, ya rataye bututun tsofaffin bindigogi a igiya kamar shanyar wanki, yana jiran laimar teku ta sauka a kansu. Idan tsatsa ta yi ja, sai ya dafa ƙarfen har ya koma baƙi, ya goge da burushi mai laushi, ya sake ratayewa. Sau bakwai, sau goma, sannan a shafa kakin zuma. Mai wucewa sai ya ce tsohon gyangyaɗi yake. Shi kuwa ya lumshe ido ne yana bin tururin nan har dajin Banyo, inda kawunsa ya koya masa sana'ar.

Shekara arba'in mutanen yammacin Kamaru suna kawo masa bindigar adaka ta kakanninsu, wadda suke harbawa sama ranar makoki. Da matsin tattalin arzikin nan ya zo aka zaftare albashi, masu kawowa suka ɗauke ƙafa, abokan aikinsa suka koma walda. Shi ko gezau.

A shekarun ne Hapsatu mai fanke ta shigo masa da wani abu naɗe a buhu. Bindigar mahaifinta ce, marigayi Hamadu maharbi. Lokacin ville morte, da gari ya mutu ana bincike gida-gida, tsoro ya sa dole ta binne ta a naɗe a ƙasan madafa, ta shekara uku a can. Akwai rubutun ajami da aka zuba da tagulla kusa da kunamar bindigar, amma ba ta taɓa karanta shi ba, don a gidansu mace ba ta taɓa bindigar maharbi. Yanzu tsatsa ta rufe shi ruf, kuma shi ne kaɗai maganar ubanta da ta rage a duniya.

Ƙanenta Bilya makanike ya riga ya ƙosa. "Baba, a sa samfefa kawai, yini ɗaya ta yi ƙyalli, c'est fini, shi ke nan."

"Doucement, a hankali, ɗana," in ji tsohon. "Samfefarka za ta cinye tsatsar ta haɗa da rubutun."

Kwana arba'in yana dafawa yana gogewa. Kullum Hapsatu ta leƙo da tirenta a ka.

"Baba, ya fito?"

"Tukuna, 'yata."

Wata safiya da yayyafi, ya bi tagullar da ɗan yatsa, don idon ya fara gajiya. Ya sake bi. Sannan ya ɗago.

"Zauna, 'yata. Ba addu'a ba ce, ba kuma sunansa ba ne. Sunanki ne."

Waɗanda ke wurin sun ce fanke ya watse a ƙasa, ba wanda ya tuna ya tsince.

Kai ne, Baba, mai haƙurin da ya fi na ƙarfe. Kai ne ka zauna a rumfar da ba ciniki, ka ƙi gaggawa a lokacin da kowa ke gudu. Bana ido ya ce ya isa, ka kashe murhu, kuma wallahi zuciyata ta yi nauyi da na ga igiyar nan ba komai a kanta.

Mun gode, Baba Jibirilla. Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Ku kuma masu sana'a, ku je ku gaishe shi tun yana nan, ku koyi tausasa hannu a kan abin da aka ba ku amana. In kuna son sanin amfanin hakan, ku tambayi Hapsatu. Ni da na tambaye ta, sai ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Shekara hamsin ina zaton Baffa, mahaifina, bai yi murna da aka haifa masa mace ba."