Farin Katin Kawu Mai Fenti

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Kawu Mai Fenti, bayan jinyar kwana tara. Na so in rubuta maka kalamai masu sanyi irin waɗanda ake yi wa mamaci. Ka yafe mini, raina a ɓace yake. Ka dai san ni, ba a banza ka laƙaba mini Uwar Surutu ba.

Mutanen gari sun san ka da rubuta allunan shaguna. Mu a gida da katunan labari muka san ka. Kwalin sabulu kake yankawa daidai tafin hannu, ka zana hoto da ragowar fenti: rijiya, makulli, akuya mai ƙaho ɗaya, takalmin da ya rasa ɗan'uwansa. Sai a zauna a tabarma, kowa ya jawo ɗaya, ya ɗora labari daga inda na gefensa ya tsaya. Ba mai ci, ba wanda ake cinyewa, ba ko sisi a ƙasa. Doka biyu ce kawai. Ba a kashe mutumin wani a labari sai an nemi izininsa. Sannan akwai farin kati, wanda ba ka zana masa komai ba. Duk wanda ya jawo shi, zai ajiye tatsuniya ya faɗi gaskiya guda da ya daɗe yana haɗiyewa. Da shi Inna ta amsa cewa ita ta fasa madubin ɗaki, bayan kyanwa ta sha zagi shekara uku.

Lokacin da ɓarin jikin Baba ya shanye, harshensa ya karye, kowa sai ya zo ya ce sannu ya tafi. Kai kuwa kullum ka rufe shago sai ka zo ka sa masa kati a hannun da yake motsi, ka jira shi kamar ba ka da wani aiki a duniya. Wata huɗu ana haka. Kalmar farko da ta fito daga bakin mahaifina ita ce "rijiya". Ina wurin, na ga ka juya kai kana share ido da hannun riga.

To, wannan abin ne yayanka, Kawu Babba, ya shekara ashirin yana kira karta. Ɗan caca yake ce maka a gaban 'ya'yanka. Ko sau ɗaya bai taɓa zama ya ga yadda ake yi ba, ya yanke hukunci tun daga bakin ƙofa. Kai kuma sai ka yi murmushi ka ce babba juji ne, amma a gidan nan ƙaramin ne ya zama jujin.

Washegarin da aka binne ka, ko hawayen matarka bai bushe ba, ya shiga ɗakinka ya ɗauko gwangwanin katunan, ya juye su a murhu. Ya ce, "Taimakonsa na yi, kada a tambaye shi a kan caca." Aikin shekara talatin, ko ruwan da ke kan wutar bai tafasa ba ya zama toka. Haba, Kawu Babba. Ko kana da gaskiya, ai ka bari mutum ya kwana biyu a kabarinsa.

Da na ɗauki gwangwanin, sai ga farin kati manne a ƙasa. Kawu Babba ya ɗauka guntun kwali ne. Ni na jawo shi ke nan, doka kuma doka ce. Ga gaskiyata, Kawu Mai Fenti: ba ka taɓa caca ba, mun sani, kuma mu goma sha biyu muna tsaye a tsakar gida ba wanda ya ce uffan. Har ni, Uwar Surutu. Wannan shirun ya fi wutar ƙona ni.

Na fara yanka kwali. Akuyata ta fi kama da kare, da kana nan da ka yi dariya har ka yi tari.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yalwata kabarinka, Ya sa haƙurin da ka yi da mu ya bi ka. Allah Ya ba matarka da 'ya'yanka da Inna juriyar wannan rashi. Kawu Babba ma ina yi masa ta'aziyya, don ƙaninsa ne ya rasu. Ranar Asabar za mu shimfiɗa tabarma. Na ajiye masa wuri, kuma farin katin zan miƙa masa.