Akuyar Kirsimetin da Baba bai yanka ba

Ni fa har yau in Disamba ta kama sai na nemo tsofaffin fina-finan nan na Turawa, masu waƙa da rawa da soyayya, waɗanda ake yi don Kirsimeti. Ƙawayena su yi ta min dariya, wai me ya haɗa mai hijabi da Bature yana rawa cikin ƙanƙara. Ba su san a unguwar Gada Biyu na taso ba, katanga ɗaya da gidan wasu Ibo.

Maigidan kayan gyaran mota yake sayarwa, Oga muke ce masa, matarsa kuma Madam. 'Yarsu ta biyu sa'ata ce, tare muka yi wasan ƙasa. Hausa a bakinta kamar a Gangare, unguwar Hausawa, aka yanke mata cibiya. Iyayen ne dai kullum "ka zo, ka ci abinci" suke ce min.

Ga yadda muke yi. Duk safiyar Kirsimeti Oga zai aiko ta ta kira Babanmu ya yanka musu akuya, don mu ma mu iya cin naman. Baba zai tafi da wuƙarsa yana tsiya.

"Oga, bana ma wannan ramammiyar ka samo?"

"Alhaji, yanka kawai. Ba bakinka ne zai fara ci ba?"

Da Babbar Sallah kuma cinya guda tasu ce, ba sai an faɗa ba. To in Baba ya yanka, an gayyace mu ke nan. Bayan azahar sai shinkafa da miya a falonsu, sai fim.

Kaset ɗaya ne tak, duk shekara shi ake sakawa, har kalarsa ta koɗe. Wani mai dogon hanci da wata mai jar riga, ba sa ga maciji da juna. Da sun fara faɗa sai waƙa ta ɓarke, mai shara ya jefar da tsintsiya ya shiga rawa, ɗan sanda ma ya shiga. Turancin nasu ta hanci yake fita, ba ma jin ko rabi. Sai muka raba aiki, ita ce bakin namijin, ni ce bakin macen, mu fassara da Hausa yadda muka ga dama. Bature ya durƙusa yana riƙe da hannun budurwa, sai ƙawata ta yi murya ƙasa-ƙasa:

"Hajiya, don girman Allah ina kika kai min butata?"

Ni kuma in karya wuya: "Akuyar Oga ta cinye."

Madam ta yi ta dariya tana dukan cinya har da hawaye. Waƙoƙin ma mun sa musu namu baitin, rabi duk a kan dankalin Turawa.

Abin da ke ja na a fim ɗin, tun daga farko ka san za su shirya. Lokacin garin ya riga ya ga tashin hankali, mutane sun fara kwashe kaya, kowa na komawa unguwar da nasa suka fi yawa. Amma a falon nan, duk faɗan da aka yi waƙa ce ke biyo bayansa. Ni da gaske na ɗauka haka duniya take.

Shekarar da muka shiga sakandare aka raba mu makaranta, ita aka kai ta ta mishan. Kirsimeti ta zo. Baba ya wasa wuƙa tun da sassafe, ya sa rigar sanyi ya zauna a benci ƙofar gida. Muna jin kukan akuyar ta bayan katanga. Rana ta ɗaga, ba wanda ya zo. Can sai ga motar Oga ta fito da akuyar a baya, ya wuce Baba ko hon bai yi ba. Baba ya daɗe yana kallon titi, sannan ya tashi.

"To, Allah ya kyauta. Abin ya iso kanmu ke nan."

Umma ta ce kar in kuskura in leƙa gidan. Ana idar da azahar na sulale.

Ƙawata ce ta buɗe ƙofa, rabi kawai, ta tsaya ta tare.

"Bana ba za a kalla ba. Kaset ɗin ya tsinke."

Janareto na ruri, takalma reras a bakin falo, ga waƙar farkon fim ɗin tana tashi, wadda ko cikin barci zan gane.

"To wannan fa?"

"Rediyo ne."

Na koma gida na kwanta na yi kuka. Kuma wallahi ita nake tausayi. Na ce babanta ne ya hana ta, dole ce ta sa ta yi min ƙarya, ko idona ta kasa kallo.

Bayan la'asar sai ga Madam da kular abinci, fuska a ɗaure. Ta ajiye gaban Umma.

"Hajiya, gashi. Abatuwa Oga ya kai, Musulmi ne ya yanka, ku ci ba wahala. Amma me mun yi ma Alhaji?"

"Mu za mu tambaye ku, Madam. Tun safe yake zaune yana jira."

"Jira? Yarinya ya zo ya kira shi, ya dawo ya ce Alhaji ya ce daga yau ba ya shiga gidan Kirista."

Umma ta saki salati. Ni ina bakin ƙofar ɗaki ina jin su. Ƙawata ba ta zo kiran Baba ba. Ko inuwarta ba mu gani a gidanmu ba ranar.

Baba ko hula bai tsaya ɗauka ba ya nufi gidan, muka bi shi. Baƙin sun watse. Aka kira ƙawar tawa tsakar gida, Oga ya daka mata tsawa, sai magana ta fito. Sababbin ƙawayenta na makaranta ta gayyato. Ta riga ta faɗa musu ita ba ruwanta da Hausawa, ko gaisawa ba sa yi. To ina za ta bari su tarar da Alhaji na fiɗa a gidansu, ko ni a falo ina zuba Hausa?

Manya ba su daɗe ba suka shirya. Oga ya riƙe hannun Baba da hannu biyu yana rantsuwa baɗi akuya biyu zai saya, Baba ya ce to a dai nemo masu tsoka. Madam ta kamo kunnen 'yarta ta jawo ta gabana.

"Ki yi haƙuri," ta ce, tana kallon ƙasa.

Abu ɗaya na tambaye ta, a hankali yadda manya ba za su ji ba.

"Da kika koma falo, wa kika ce musu ya zo?"

Ta kau da kai. Na sake tambaya.

"Mai talla."

Madam ta ce gobe in zo, za a sake saka fim ɗin don ni kaɗai, har da nama za ta ajiye min. Na ce to, na gode Madam.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa. Ita ce, an aiko ta ta kira ni, ta sa rigar Kirsimetinta. Na buɗe ƙofa rabi.

"Yau ba a yi talla ba," na ce mata, na rufe.

Umma ta yi min faɗa sosai, wai maƙwabci ɗan'uwa ne, wanda ya ba da haƙuri ya gama nasa. Ni dai na ci gaba da gaishe da Madam har ƙasa. 'Yarta kuwa, falon nan ban sake zama kusa da ita a cikinsa ba.