Kunnen da Inji Ya Bari

Kullum da safe Malam Musbahu yakan ɗaure jakar wayoyinsa a bayan mashin, ya baro Panshekara ya nufi duk gidan da aka kira shi. Sana'arsa haɗa talabijin da sifiku. A da lantarki yake gyarawa a wata masaƙa a Sharada, har ta rufe. Yanzu gwiwa ta fara yi masa gardama, ya ce bana zai ajiye tsani. Shi ya sa na ce bari in faɗi alherinsa tun yana ji.

Mutum ne mai jinkirin tsiya. Ba ya huda bango sai ya tambayi wane ne babba a gidan, kuma a ina yake zama. Yayana Sagir ya ƙulu da wannan hali ranar da ya kawo shi gidanmu a Hotoro. Ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa aka gyara ya koma falo, Sagir kuwa so yake sauti ya riƙa girgiza bango.

Malam Musbahu ya ce, "A kira min Baba tukuna."

Mahaifinmu ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa a Challawa, ƙarar ta cinye masa ji. Ya daina zama cikinmu, don ya gaji da cewa "Na'am?" jikoki suna ƙunshe dariya. Abin ya daɗe yana cin raina. Da ƙyar ya yarda ya sauko. Malam Musbahu ya tambaye shi:

"Baba, ta wane ɓangare injinku yake?"

"Dama."

"To kunnen hagu ya tsira. Ni ma haka nawa yake."

Ya ja waya ta bayan kujera, ya kafa 'yar ƙaramar sifika daidai kafaɗar Baba ta hagu. Ya rage rugugin da Sagir ke so, ya fito da muryar mutane tar. Aka kunna labarai, muka zuba wa Baba ido. Can sai ya ɗaga wa jikansa hannu: "Kai Muhsin, rufe mana baki, ana maganar taki!"

Na kau da kai na share hawaye.

Malam, kun zo haɗa waya, kuka haɗa mu da mahaifinmu. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba gwiwar nan lafiya. Masu sana'a kuma ku yi koyi, ku riƙa duba mutanen gida kafin ku duba bango. Mu dai yanzu Baba ke riga kowa sauka falo, kuma ba wanda ya isa ya taɓa rimot.