Tsagar da Na Bari a Ɗakin Baba Idi

Ina bakin kududdufi ina cuɗa ƙasa, ƙafafuna sun nutse har ƙwauri, sai na hango Mamman majemi yana tahowa ko hula babu. Ya ce, "Sanda, fito ka wanke ƙafa. Maigidanka ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Idi magini, wanda ya koya mini ɗora tubali, ya rasu da zazzaɓin da muka ɗauka na kaka ne mai wucewa.

Daga Tsauni ya zo Matameye da ƙuruciyarsa, ba shi da gidan gado a nan. Yau babu unguwar da za ka ratsa ba ka jingina da katangar da ya yi ba. Amma a ɗakin wani ya zauna, a ɗakin wani aka yi masa wanka.

Ba rago ba ne, ba kuma mai almubazzaranci ba. Kuɗin wuri ne ya yi yawa a kasuwa har ya rasa daraja. Ladan gini yana nan inda na tarar da shi, kuɗin ɗaki kuwa, tun da fataken Kano suka riƙa sauka garin nan, kowace kaka sai ya ƙara tsawo kamar dawa. Saboda haka Baba yakan nemi ɗakin da kowa ya ƙi, mai yoyo, mai ramin ɓera, don shi ne aljihunsa zai ɗauka.

To, a nan halinsa yake cin sa. Ba ya iya kwana yana kallon tsaga. Yana dawowa daga aikin mutane sai ya kama na ɗakin: ya toshe, ya yi yaɓe, ya gyara indararo, ya shafe bango da makuba, jiƙon kwasfar ɗorawa mai hana ruwa cin bango. Kafin damina ta zagayo, ɗakin ya zama abin kallo. Sai mai gidan ya leƙo ya ce, "Kai, Idi, ɗakin nan ai ya zama na manya! Ka dai san yadda gari yake." Ma'anarsa a ƙara kuɗi ko a tashi. Mu ne masu ɗaukar tukwane zuwa wani kangon.

Matarsa, Inna Hajara, takan ce, "Baban Ladi, da na ga ka ɗauko makuba, sai in fara ɗaure kaya." Ya yi dariya, ita ma ta yi, amma tata ba ta kai ciki ba.

Na taɓa ce masa, "Baba, don Allah ka bar ko tsaga ɗaya. Kai ne ke korar kanka da hannunka." Ya dube ni ya ce, "Sanda, ruwan sama ba ya tambayar ɗakin wa ne. A kan ƴaƴana yake zuba." Wata rana kuma ya ce, "Hannun da ya saba gyara, in ka hana shi, ciwo yake." Har yau haushin maganar nan bai sake ni ba.

Azarar rufi yake tarawa ɗaya bayan ɗaya, don gidan da zai gina wa kansa in mai gari ya ba shi fili. Duk inda muka koma, da su muke komawa. Suna nan jingine a bayan ɗaki.

Ana zaman makoki, Fatoma Garba, mai saukar da fatake, kuma mai gidan da iyalin Baba suke ciki yanzu, ya zo gaisuwa tare da wani falke. Bakin falken yana addu'a, idonsa yana kan rufi. Da muka fito, Fatoma ya ce mini, "Ina tsoron Allah, ba zan tashi Hajara cikin takaba ba. Bayan nan kuwa, ka san yadda gari yake."

Jiya na ga tsaga ta fito a bangon gabas, daga ƙarƙashin indararo har kusa da ƙasa. Na kwaɓa ƙasa, na ɗebo a hannu, na tsaya. Inna ta ce daga ciki, "Sanda, bar ta." Na zubar. Ita ce tsaga ta farko da na wuce tun da na shiga hannun Baba, kuma na san da yana nan da bai yarda ba.

Ku da kuke kwana a inuwar aikinsa, ba sadaka nake roƙo ba. Ku raka ni wurin mai gari a nemi fili kafin takaba ta ƙare. Azara tana nan, hannun da ya koyar yana nan.

Allah Ya jiƙan Baba Idi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba shi gida a Aljanna inda ba mai cewa ya tashi. Allah Ya ba Inna Hajara haƙuri, Ya raya Ladi da ƙannenta, Ya sa damina ta same su a ƙarƙashin rufin kansu. Amin.